Tsarabar Gidan Tarihi: Ina Littattafan Garuruwanmu Suka Shige?

  Wannan makon za mu ɗan jingine batun ƙagaggen labari, mu leƙa wani lungu da ba kasafai muke kula da shi ba, wato ɗan shagon nan, ko kuwa tebur, da akan kafa a bakin ƙofar gidan tarihi, inda baƙo yake tsayawa ya sayi abin da zai kai gida.

Duk wanda ya taɓa zuwa irin waɗannan wurare ya san kayan da ake bajewa. Akwai jakar fata da tumtum, akwai faifai da ƙwarya mai zane, akwai zanen rini, da hula, da ɗan takobi a kube, da mariƙin makulli mai dagin Arewa. Idan ka tambayi littafin da ke ba da labarin garin da kake tsaye a cikinsa, a wurare da yawa sai mai kayan ya yi shiru, ko ya zaro maka wani guda ɗaya da rana ta cinye bangonsa, galibi ma da Turanci. Baƙo ya koma gida da faifai, labarin masu saƙa faifan kuwa ya bar shi a inda ya same shi.

Ba haka abin ya faro ba. Akwai lokacin da tsaraba da littafin tarihi suke tafiya cikin kaya ɗaya, kuma akwai dalilan da suka raba su. Su za mu bi yau, don mu ga inda mu masu tasowa za mu sa hannu.

BAƘIN DA SUKA TAFI DA KAYA, SUKA TAFI DA LABARI

A shekarar 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shigo Kano. A rubutunsa ya ba da labarin yadda ya zaga kasuwa, har ya sayi laima ƙirar ƙasarsu wadda fatake suka ƙetaro hamada da ita. Daga Kano ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abin da ya koma da shi Ingila har da taswirar ƙasa da aka zana masa a can, da wani yanki da aka kwafo masa daga Infaƙul Maisuri, littafin da Bello ya rubuta a 1812 kan tarihin ƙasashen Tukururu da jihadi. Da aka buga labarin tafiyar a Landan a 1826, an sa fassarar wannan yanki a ƙarshen littafin. Ke nan tsarabar da ta fi daɗewa cikin kayan Clapperton takarda ce.

Bayansa sai Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim. Ya iso Kano a 1851, ya yi mamakin marinarta da masaƙanta da dukawanta, ya rubuta yadda tufafi da takalman Kano ke kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Amma shi ma bai tsaya kan kayan kasuwa ba. A Kukawa ya samu jerin sunayen sarakunan Barno da rubuce-rubucen Imam Ahmad ɗan Fartuwa kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma. A Gwandu kuma, a 1853, aka ba shi aron Tarikhus Sudan, ya zauna yana kwafar abin da ya iya kafin ya mayar.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan baƙi ba su zo da tarihin ba, tarar da shi suka yi a rubuce, a gafakar malamai da zaurukan fada. A ƙarshen wannan ƙarni ne ma aka kammala kundin nan na Larabci da muke kira Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello. Masana sun daɗe suna muhawara kan wanda ya tsara shi. Da Hausa kuma akwai Waƙar Bagauda, wadda take jero sarakunan a baitoci don a riƙe da ka.

Sai dai littafin wancan zamani ba hajar kasuwa ba ne kamar takalmi. Wanda yake so, sai ya nemi aro, ya kwafa da hannunsa ko ya biya a kwafar masa. Saboda haka masu karanta shi ƙalilan ne.

DAGA GAFAKA ZUWA INJIN ƊAB'I

Zuwan Turawa ya sauya hanyar da waɗannan kundaye ke bi. A 1908 H. R. Palmer ya fassara Tarihin Kano zuwa Turanci ya buga a wata mujallar masana a Landan. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, kuma duk da sunansa, cike yake da labarun sarakuna da yaƙe-yaƙe da wasiƙu waɗanda malamai suka rubuta da ajami. A can Kete-Krachi, cikin ƙasar Gana ta yau, Imam Umaru, haifaffen Kano, ya zauna ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu yawa da Hausa kan garuruwa da sana'o'i da al'adun ƙasar Hausa. An buga wasu daga ciki a Jamus.

Ku dubi inda aka buga duk waɗannan. Malamanmu ne suka yi aikin, amma littattafan a Turai suka fito, kuma a can suka fi samun masu karatu. Ɗan garin da ake ba da labarinsa bai san ma an yi ba.

Sauyi na farko ya zo ne da Hukumar Fassara, wadda aka kafa a 1929, daga baya ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Cikin ayyukanta na farko akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i biyu, a 1932 da 1933. A nan ne aka juyo tsofaffin kundayen Larabci zuwa Hausar boko, har da Tarihin Kano. Karon farko ke nan da ɗan makarantar elementare zai riƙe labarin Rumfa da Kanajeji a hannunsa, cikin harshen da yake magana da shi a gida.

Mu marubuta mun fi tuna wannan hukuma da gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, sannan Jiki Magayi ya biyo. To, ko a cikinsu ma tarihi bai yi nisa ba. Bello Kagara ya gina farkon Ganɗoki a kan yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya gina Shaihu Umar a kan zamanin bauta da fataucin hamada. Iyayen ƙagaggen labarinmu masu tonon tarihi ne tun ranar farko.

SHEKARUN 1950: LOKACIN DA KOMAI YA HAƊU

Idan akwai zamanin da ya kamata mu yi wa kallon tsanaki, to shekarun 1950 ne, domin a cikinsu ne abubuwa uku suka taso kusan tare: gidajen tarihi, ƙungiyar masana tarihi, da littattafan tarihin gari da Hausa.

Gidan tarihi na Jos an buɗe shi a 1952, bisa ƙoƙarin Bernard Fagg, wanda ya tattara mutum-mutumin yumɓu na Nok da masu haƙar kuza ke tonowa. A 1953 aka yi dokar kare kayan tarihi. Na Legas ya biyo a 1957. A Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, wadda sarakunan Kabi suka zauna cikinta har 1942, ita ce aka mayar gidan tarihi na Kanta a 1958. A 1955 kuma aka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, Kenneth Dike yana shugaba, kuma cikin waɗanda suka riƙe ta tun farko akwai H. F. C. Smith, wanda ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, sannan ya assasa Arewa House a 1970 a gidan Sardauna da ke Kaduna.

A ɓangaren littafi kuwa, Kamfanin Gaskiya yana aiki a Zariya tun 1945, sannan aka kafa Hukumar NORLA don ta samar wa waɗanda suka fito daga ajin Yaƙi da Jahilci abin karantawa. A wannan tsakani ne Bello Kagara ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Waziri Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani, Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji kuma ya fitar da Kano Ta Dabo Cigari a 1958. Larduna ma kowanne da 'yar jaridarsa: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Mutumin da ya koyi haɗa baƙi jiya, yau yana karanta labarin lardinsa.

Misalin da ya fi burge mu shi ne na tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. A wannan ƙaramin gari Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihin mutanensu da Hausa, tun daga fitowar Sarki Makau daga Zazzau lokacin jihadi zuwa kafa garin da Abu Ja ya yi a 1828, suka haɗa da al'adun aure da sarauta da na maƙwabtansu Gwari da Koro. Frank Heath ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Ibadan a 1952. A daidai waɗannan shekaru ne Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin. Gari ɗaya, lokaci ɗaya, ga tukunyar da baƙo zai saya, ga littafin da zai gaya masa su wane ne mutanen da ya sauka a wurinsu.

Me ya sa abin ya yiwu a lokacin? Amsar ba hazaƙa kaɗai ba ce, don masu hazaƙa ba su ƙare ba. Akwai mai bugawa, akwai makarantu da azuzuwan manya da ke saye, akwai hanyar da littafi ke bi daga Zariya ya isa larduna. Marubuci ya san idan ya gama rubutu, akwai hannun da zai karɓa ya kai gaban mai karatu.

INDA HANYA TA RABU

An rufe NORLA a 1959. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC da haɗin gwiwar Macmillan, ya gaji littattafan, ya ci gaba da sake buga wasunsu. Amma kamfani kasuwa yake bi, kasuwar kuwa tana wajen littattafan da aka sa a manhajar jarrabawa. Littafin da bai shiga manhaja ba, in ya ƙare sai a daɗe ba a waiwaye shi ba.

Binciken tarihi shi kuma bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, amma ya koma jami'a, ya koma Turanci. Murray Last ya zauna a gaban Waziri Junaidu ya amfana da ɗakin karatunsa, ya fitar da littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967. Yusufu Bala Usman ya fitar da nasa kan Katsina a 1981. Manyan ayyuka ne, kuma duk mai son tarihin ƙasar nan dole ya bi ta kansu. Sai dai ba su ne irin littafin da mai ɗinki ko uwargida ko ɗan sakandare zai tsaya ya saya a bakin ƙofa ba, kuma ba don su aka rubuta su ba.

A ƙarƙashin waɗannan manya akwai tarin kundayen kammala karatu. Mu da muka bi ta kwalejoji mun san yadda abin yake. Ɗalibi ya je ƙauyensu ya yi hira da tsofaffi, ya rubuta tarihin kafuwar garin ko na wata sana'a, ya ɗaure kwafi uku ko huɗu da baƙin bango, a ba shi maki, a jera a kanta. Tsofaffin da ya yi hira da su sun rasu, kundin yana can ƙura ta rufe shi, mutanen garin ba su taɓa ganinsa ba.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. A nan ne marubutan ƙagaggun labarai suka yi abin da ya kamata mu riƙa tunawa da alfahari. Ba su jira kowa ba. Sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suka buga da kuɗinsu, suka kai Bata da Kurmi, aka buɗe shagunan haya a unguwanni, littafi ya shiga har ƙuryar ɗaki. Littafin tarihi bai samu masu yi masa irin wannan hidima ba.

Abin da ya samu shi ne bikin ƙaddamarwa. Sarki ya cika shekara kaza a gadon sarauta, ko an naɗa wani hakimi, sai a rubuta littafi cikin gaggawa, a tara manyan baƙi, a yi alkawuran kuɗi, a raba kwafi a cikin jaka tare da kalanda. Bayan sati ɗaya ka nemi littafin a kasuwa, babu. Wasu daga cikin irin waɗannan littattafai suna ɗauke da bayanai masu daraja ƙwarai waɗanda ba a rubuta su a ko'ina ba, amma tun da don taro aka yi su, da taron suke watsewa. Ƙari a kan haka, an shafe fiye da shekara goma babu darasin tarihi mai zaman kansa a ƙananan makarantun Nijeriya kafin a dawo da shi. Yaran da suka tashi a wannan tsakani su ne sa'o'inmu.

Ita kuwa tsaraba ba ta taɓa rasa hanya ba. Baduku da marini da maƙeri ba sa buƙatar hukuma kafin su kai kayansu gaban mai saye. Marinar Ƙofar Mata tana nan, Kasuwar Kurmi da ake danganta kafuwarta da zamanin Rumfa tana nan, masu tagulla da masu tsakiya na Bida suna nan. Shi ya sa suka cike teburin, littafi ya bar musu.

DARASI DAGA YAMAI

'Yan uwanmu na Nijar suna da wani tsari da ya cancanci a duba. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ba ɗakunan ajiya kaɗai ba ne. A harabarsa akwai namun daji, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a hamada, akwai kututturen bishiyar nan ta Tenere da mota ta kayar a 1973. Akwai kuma rumfunan masu sana'a, inda maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa ke aiki a gaban idon baƙo, ya ga yadda ake ƙera abin wuyan Agadas, ya yi ciniki da wanda ya ƙera.

Shi Boubou Hama ɗan siyasa ne kuma marubucin tarihi, har da littafi ya yi kan Gobir da Sakkwato a 1967. Bayansa André Salifou ya rubuta kan Damagaram, Djibo Hamani ya rubuta kan Adar. Amma da Faransanci suka rubuta, kamar yadda namu suka rubuta da Turanci. Saboda haka giɓin iri ɗaya ne a ɓangarorin iyaka biyu. An samo dabarar sa mai sana'a kusa da kayan tarihi, saura a zaunar da marubucin Hausa kusa da shi.

TO, MU ME YA RAGE MANA?

Mu fara da gane wane ne ke tsayawa a wannan tebur. Ba Bature mai kyamara kaɗai ba ne, shi ma yanzu ya yi ƙaranci. Mafi yawa 'yan makaranta ne da aka kawo a bas, da malamansu, da iyalai ranar Sallah, da ɗan gari mazaunin Legas ko Kumasi da ya kawo 'ya'yansa su ga tushensu. Mutum bai taɓa jin ƙishin tarihi kamar lokacin da ya fito daga Gidan Makama, ko ya ɗaga kai ya kalli hasumiyar Gobarau, ko ya leƙa rijiyar Kusugu ba. A wannan minti biyar ɗin ne zai sayi littafi. In ya hau mota, shi ke nan.

Irin littafin da zai saya kuwa ƙarami ne, shafi arba'in zuwa sittin, wanda kuɗinsa bai wuce na hula ko faifai ba. Kada ɗayanmu ya ce zai rubuta tarihin ƙasar Hausa baki ɗaya. Ɗauki abu guda ka ƙure shi: ƙofa ɗaya daga ƙofofin gari, unguwa ɗaya da yadda ta samo sunanta, kasuwar ƙauyenku, zuriyar maƙeran garinku, tsohuwar makarantar allo da jerin malamanta. Gidan Ɗan Hausa kaɗai, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, ya isa ɗan littafi guda. Haka tsohuwar Kwalejin Katsina da ɗaliban da suka fito daga cikinta.

Sannan mu haɗa littafin da kayan da ke kusa da shi. Wanda ya sayi zanen rini zai so ya san yadda ake haɗa baba da toka a karofi, da kwana nawa ake jira kafin ruwan ya nuna, da abin da ake kira bugu. Wanda ya sayi jaka zai so ya ji labarin fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda ta daɗe tana ƙetare hamada har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Wannan ilmi yana bakin masu sana'ar, kuma kullum raguwa suke yi.

Akwai ƙa'idojin da in muka saki, gara ma ba mu rubuta ba. Na farko, mu faɗi wanda ya gaya mana, da garin da muka same shi, da ranar, bayan mun nemi izininsa. Na biyu, mu raba abin da muka gani a takarda da abin da aka ce. Labarin Bayajida da macijiya gado ne mai daraja, a ba da shi a matsayinsa na abin da magabata suka faɗa, kada a liƙa masa shekara da wata kamar an ɗauko daga rajista. Na uku, in ruwayoyi biyu suka saɓa, mu kawo su duka. A kusan kowane gari akwai gidajen sarauta biyu ko uku, kowanne da yadda yake ba da labarin. Marubucin da ya ɗauki na gida ɗaya ya binne sauran ya zama maroƙi da alƙalami, kuma littafinsa zai mutu ranar da sarauta ta koma ɗaya gidan.

Na huɗu, mu tuna gari ba fada kaɗai ba ne. Tsofaffin kundaye sun fi ba da labarin wanda ya hau da wanda ya yi yaƙi. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba mutuniyar Karo, ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Har yau masana a duniya suna komawa gare shi don su san yadda aure da kishi da ƙawance da zaman rinji suke kafin zuwan Turawa da bayansa. Tsohuwa ɗaya ke nan. 'Yan uwa mata da ke cikin wannan zaure, ku kuke da ƙofar shiga wurin irin su Baba, inda namiji ba zai wuce zaure ba.

Na biyar, mu kiyaye bambancin tsaraba da kayan tarihi. Abin da aka ƙera bana don sayarwa tsaraba ne. Tsohon kundi, ko takobin kaka, ko abin da aka tono a ƙasa, doka ta hana fataucinsa da fitar da shi. In bincike ya kai mu gidan da ke da tsofaffin takardu, mu ɗauki hotonsu da waya da yardar masu su, mu ba su shawarar yadda za su tsare su daga gara da ɗanshi, ko su tuntuɓi wurare irin su Arewa House, ko gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kada mu zama 'yan rakiyar dillalai.

Batun bugawa da kaiwa kuwa, hanyar da yayyenmu na adabin kasuwa suka bi tana nan. Reshen ƙungiyar marubuta guda zai iya yin adashe, a fitar da 'yan littattafai huɗu ko biyar a shekara masu bango iri ɗaya, a sa wani malamin tarihi ya duba kafin a kai maɗaba'a. Daga nan a je a zauna da shugabannin gidan tarihi da masu shagon, a ajiye musu kwafi, in an sayar su cire la'adarsu. Wanda zai iya, ya sa taƙaitaccen bayani da Turanci ko Faransanci a shafukan ƙarshe saboda baƙin nesa. Ribar ba za ta sayi mota ba, gaskiya ce. Amma littafin soyayya yakan yi tashe ya wuce, shi kuwa ɗan littafin tarihin ƙofar gari, muddin ƙofar tana tsaye ana zuwa kallonta, ana nemansa. In ma an wayi gari an rushe ta don faɗaɗa titi, kamar yadda ya faru da wasu, to littafin ne zai zama shaida.

Kuma ko wanda bai da niyyar zama marubucin tarihi zai ci riba. Yawancin labaranmu na yanzu a falo da mota da jami'a suke faruwa, garuruwan cikinsu ba su da ƙamshi ba su da suna. Wata uku na zama da tsofaffin unguwa zai ba ka sunaye da karin magana da rigingimun gado da asiran gidaje waɗanda za su ishe ka littafi biyar.

Aikin wannan mako ga duk mai sha'awa: ka rubuto mana sunan abu ɗaya a garinku da kake ganin ya isa ɗan littafi, da tsoho ko tsohuwar da za ka fara tambaya, ba sai ka ambaci suna ba, faɗi sana'arsa ko matsayinsa kawai. Wanda kuma yake da ɗaya daga tsofaffin littattafan da muka ambata a gidansu, ya gaya mana bugun wace shekara ce. Da haka za mu san abin da ya saura a hannunmu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka rubuta, Ya ba mu ikon ɗorawa. Sai mun ji daga gare ku.